Keken guragu da littafin aro: abin da na gano a majami'ar Yahudawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu, ko da yake na san tawa ta yi tsawo, kuma kanunta kaɗai ya isa ya sa wasu su haɗe rai tun ba su karanta ba. Ni tsohon malamin firamare ne. Na fara riƙe alli a 1976, shekarar da aka buɗe UPE, shirin nan na ilimin firamare kyauta ga kowa, na ajiye aiki ina hedimasta, yanzu ina zaune a ƙauyenmu cikin ƙasar Ringim ina fama da gero da ɗan riɗi.

Abin da ya sa na ɗauki biro wata magana ce da ta faru a zaman kwamitin masallacin Juma'armu, yau mako uku ke nan. An zauna a kan kuɗin da za a tara bayan kaka. Masu rinjaye suna so a ƙara hasumiya ta biyu, a kuma shimfiɗa tayil a haraba. Ni kuwa na ce a ware ko da rubu'in kuɗin ne a buɗe ɗakin aro da asusun rance. Aka tambaye ni ina na ga ana haka. Da ina da wayo, da na ce a littafi na karanta. Sai na faɗi gaskiya, na ce a majami'ar Yahudawa na gani, a Ingila. Wani yaro da na kama wa hannu ya koyi rubuta sunansa ya ce, "Baba Hedimasta, yanzu kuma Yahudu za mu kwaikwaya?" Zaure ya ɗauki dariya, liman ya yi gyaran murya, aka shafa fatiha aka watse. Tun ranar, in na gifta teburin mai shayi sai hira ta tsaya cak. Tunda a zaure ba a bar ni na dasa aya ba, bari in ƙarasa a nan.

Ambaliyar 2022 ta cinye mana katanga da ɗaki biyu, kamar yadda ta yi wa dubban gidaje tun daga Ringim har Haɗeja. Ana cikin wannan, babbar 'yata da take aikin nas a Manchesta ta kusa haihuwar fari. Ita da mijinta suka nema mana biza, uwarta za ta je zaman jego, ni kuma aka ce in raka ta ko na huta da kallon kango. Mun sauka a Nuwamba, muka dawo a Maris na 2023 ana gab da kama azumi. Gidan da suke haya yana wajen Prestwich, arewa da birnin, ashe kuwa nan ce matattarar Yahudawa. In ka cire Landan, babu inda suka fi yawa a Ingila kamar Manchesta da kewayenta. Ni da ban taɓa sanin Bayahude ba sai a bakin mai tafsiri da labarun rediyo, sai ga ni muna raba katanga ɗaya.

Da hunturu a can rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. In mun taso daga Juma'a ni da surukina, sai mu tarar unguwa tana ta kiciniya kamar kasuwar ƙauye in hadari ya haɗo: mata da burodi a hannu, masu shaguna suna jan ƙofa, kowa so yake ya shige gida kafin rana ta faɗi. Daga nan Asabar ɗinsu ta shiga, sai washegari in taurari sun fito. Masu riƙo da addini a cikinsu ba sa tuƙi, ba sa kunna wuta ko kashe ta, ba sa taɓa kuɗi balle waya. Da safiyar Asabar titi yakan cika da masu tafiya a ƙasa, kaka riƙe da jika, kai ka ce Idi za a tafi. Wannan ne ya sa suke cunkushewa unguwa ɗaya, don dole majami'a ta kasance inda ƙafa za ta iya kaiwa.

Farkon hulɗarmu da maƙwabta ma da ɓacin rai ta fara. Ranar suna Hajiya ta zuba soyayyen nama a kwano ta aika musu, aka dawo da shi yadda yake, da ban haƙuri. Ta ce ita tunda uwarta ta haife ta ba a taɓa mayar mata da kwano cike ba. Sai da matar gidan ta shigo da kanta ta yi bayani cewa ba sa cin nama sai yankan mahaucinsu, ba sa haɗa nama da madara, har tukwanensu ma a rabe suke. Da aka aika dabino da lemo kuwa suka karɓa hannu bibbiyu. Mu da Suratul Ma'ida ta halatta mana abincinsu, mun sha romon kazarta ba sau ɗaya ba.

A tsakiyar Disamba aka yi wani sanyi mai shiga ƙashi, ruwa ya daskare a bakin titi. Na fito da silifas kamar ina tsakar gidana, ban ankara ba sai ji na yi ƙasa ta taso ta same ni. A asibiti aka ce ba karaya, targaɗe ne a idon sawu, ƙugu kuma ya bugu. Mai gidan nan na maƙwabta, dattijo sa'ana, tsohon akanta, ashe ta taga ya ga faɗuwata. Da yamma sai ga shi yana turo keken guragu, da sandar dogarawa rataye a jiki. Surukina ya tambaye shi nawa ne haya. Ya ce babu haya. Ya zaro wani ɗan littafi daga aljihun kwat, ya rubuta lambar keken da lambar gidanmu da kwanan wata, ya ce in na warke a mayar, don ba a rasa mai jira. Keken ba nasa ba ne, na jama'ar majami'arsu ne. Suna kiran irin wannan tsari gemak, daga kalmomin Ibrananci masu nufin aikin alheri.

Da ƙafa ta yi sauƙi na ce ni zan mayar da keken da hannuna, don ina son ganin inda ya fito. Na fara tambayar limamin masallacin da muke Juma'a a can, ya ce ai 'yan makaranta ma ana kai su ziyara, in dai ba ibada zan bi su ba. Muka je ranar Talata da hantsi, ba kowa sai mai shara. A ƙofa akwai mai gadi da kyamarori, su ma 'yan majami'ar suna karɓa-karɓar tsaro ranar Asabar. Namiji ba ya shiga kai a buɗe, sai dattijon ya dubi hulata ya yi dariya ya ce ni tun daga gida na shirya. Na sunkuya zan tuɓe takalmi ya ce a'a, su ba sa tuɓewa. Wurin kuma ba majami'a suke ce masa a bakinsu ba, shul suke cewa, asalin kalmar kuwa makaranta take nufi. Wannan ya yi wa tsohon malami daɗi.

Ɗakin ibadar na duba shi sama-sama. Suna fuskantar Kudus. A bangon gaba akwai kabad mai labule inda ake ajiye Attaura, rubutun hannu a kan fata, a naɗe kamar tabarma, da fitila a sama wadda ba a kashewa. Mata suna bene, maza a ƙasa. Mai karatu ba ya taɓa rubutun da yatsa, akwai wani ɗan tsinken azurfa da yake bi da shi, sai na tuna tsinken da gardawa suke bin layi da shi a tsangaya. Sun rarraba karatun mako-mako yadda za su sauke a shekara, ranar da suka sauke kuma ranar suke komawa farko. Wannan addininsu ne, ni da nawa, kuma ba shi ya kai ni ba.

Abin da ya tsayar da ni yana baranda, allon sanarwa ne. Wanda ya yi shekaru yana zana jadawalin malamai ya san bambancin takardar da aka manna don ado da wadda ake aiki da ita, wannan kuwa duk ta sha gyara da biro. Dattijon yana karantawa ina rubutawa a bayan ambulan. Masu zuwa dubiya asibiti, kowa da ranarsa. Masu mota da za su kai tsofaffi ganin likita, da lambar wanda za a kira. Wata mai jego an jera mata kwana goma sha huɗu, kowace rana da sunan matar da za ta kai mata abincin dare, an kuma rubuta abin da ba ta ci. Liyafar rana ta tsofaffi duk Laraba, don kada wanda ya rasa mata ko miji ya yi mako bai yi magana da kowa ba. Ajin yara ranar Lahadi da safe. Sai darasin asuba na magidanta kafin su tafi aiki, inda suke karanta warƙa ɗaya ta Talmud, babban kundin fiƙihunsu, kullum. Warƙa 2,711 ce, sai an shekara bakwai da 'yan watanni ake saukewa, kuma masu bin tsarin a duk duniya warƙa ɗaya suke kai a rana ɗaya. Babu layi ko guda a allon nan da aka rubuta "jama'a su taimaka". Kowane aiki da sunan mutum a gabansa.

Har jam'in sallarsu yana da jadawali. Akwai addu'o'in da ba sa yinsu sai maza goma sun taru, daga ɗan shekara 13 zuwa sama, wannan adadi shi suke kira minyan. Majami'ar dattijon ta tsufa, samari sun koma wasu unguwanni, don haka da asubar hunturu mutum tara sukan zauna suna kallon ƙofa. Shi ne mai buga waya ya taso na goma daga barci. Na ce masa ga wata majami'a can ƙarshen layi, ga wata a bayanku, me zai hana ku haɗe? Sai ya ba ni wani labarin barkwanci nasu. Wai jirgi ya nutse da wani Bayahude, ya tsira shi kaɗai a tsibiri. Da aka zo ceto bayan shekaru sai aka tarar ya gina majami'a biyu. Aka ce kai kaɗai me za ka yi da biyu? Ya ce wannan ita nake zuwa, waccan kuwa ko a mafarki ba zan taka ta ba. Na yi dariya har da hawaye, don ƙauyenmu da bai kai gida ɗari huɗu ba masallacin Juma'a biyu gare mu, kuma kowa ya san ba cunkoso ne ya kawo na biyun ba.

Ɗakin aron yana bayan kicin, bai fi shagon tela girma ba. Kekunan guragu a jere, gadajen jarirai, kujeru da tebura masu naɗewa, kwanukan biki, har da rigunan amare a rataye cikin leda. Wata tsohuwa ce take riƙe da mabuɗi da babban littafi. Hausa ta raba aro da rance: aro ka mayar da abin da kansa, rance ka mayar da madadinsa. Su ma sun raba. Asusun rancen yana hannun ma'aji. Mutum zai zo da masu tsaya masa biyu, a ba shi kuɗi ba ruwa ko sisi, ya riƙa biya wata-wata, kuma in ban da ma'aji da mutum guda babu wanda ya san wa ya karɓa. Dattijon ya ce wani babban malaminsu, Musa ɗan Maimun, haifaffen Kurɗuba ta Andalus wanda ya yi likitanci a fadar Masar zamanin Salahuddin, shi Musan ya rasu a 1204, ya kasa sadaka hawa takwas. Mafi ɗaukaka a ciki shi ne ka ranta wa mutum, ko ka ba shi aiki, ko ka shiga tarayya da shi tun bai faɗi ba. Da yawan rubuce-rubucen malamin nan da Larabci ya yi su amma da baƙaƙen Ibrananci, wato irin ajaminsu ke nan. Kalmarsu ta sadaka ma tsedaka ce, in ka ji ta a bakinsu sai ka ɗauka Bahaushe ne mura ta kama.

Ina tsaye a ɗakin nan hankalina ya dawo gida. Duk wanda ya tashi a karkara ya san watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, ga zazzaɓi ya kwantar da yara. A lokacin ne magidanci yake zuwa wajen mai hali a ba shi buhu ɗaya, da kaka ya biya ɗaya da rabi ko biyu. Wani tun riɗinsa yana fure ya sayar da shi a wulaƙance. Mai bayarwa da mai karɓa a sahu ɗaya suke sallah, a masallacin da muke son ƙara wa hasumiya, kuma dukkansu sun sha jin ayar riba a tafsirin azumi. Wa'azi bai hana ba, don wanda 'ya'yansa suka kwana da yunwa ba wa'azi ya rasa ba, inda zai ranta ya rasa.

A watan Fabrairu wata tsohuwa da ke tsallaken layinmu ta rasu. A nan na ga ɗayan ɓangaren. Suna da ƙungiyar masu suturta mamaci, hebra kadisha, 'yan sa kai ne, maza su wanke maza, mata su wanke mata. Farin likkafani ne marar aljihu, akwati na katako ba ado, mai kuɗi da talaka iri ɗaya, kuma suna gaggauta binnewa kamar mu. Kuɗin kabari yana cikin abin da mutum yake biya tun yana da rai, don haka ranar mutuwa ba a tambayar iyali ko kwabo. Na bi dattijon gaisuwa. Na tuna gawar Bayahude da aka wuce da ita Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce? Yana cikin Bukhari da Muslim. 'Ya'yan mamaciyar suna zaune a kan kujeru gajeru kamar 'yar tsugunno, an rufe madubai, sun ɗan yaga gefen rigunansu, wanda a wurinmu haramun ne. Kwana bakwai suke zaman makoki, safe da yamma mutum goma su zo a yi jam'i a gidan. Amma abin da na ƙura wa ido shi ne kicin. Babu wanda ya ɗora tukunya a gidan nan. Abincin farko bayan dawowa daga maƙabarta, burodi da dafaffen ƙwai, maƙwabta ne suke kawowa, sauran kwanakin kuma an riga an raba su a takarda.

Mu kuwa fa? Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Yau a ƙauyukanmu an juya abin. Mai mutuwa shi ne mai ciyar da 'yan zaman makoki. Na san gidan da aka sayar da akuyar marayu aka sayi shinkafar sadakar uku. Bara da wani almajirin gini ya rasu a garinmu, sai da aka bi shago-shago kafin a haɗa kuɗin likkafani, makarar kuma da igiya aka ɗaure ƙafarta guda. A shekarar ne muka sauya lasifika.

Kada a ce na je na ga aljanna. Duk wannan tsari kuɗi ne yake riƙe shi. Tunda ba sa taɓa kuɗi ranar Asabar, ba a zagayawa da akwati a babbar ranarsu, kowane gida yana da kuɗin shekara da aka yanka masa, kuma ba kaɗan ba ne. Wanda ba shi da hali zai ga ma'aji a asirce a rage masa, amma dattijon da bakinsa ya ce akwai waɗanda kunya take sa su janye jiki gaba ɗaya. Suna da gulma, suna da rigimar wa zai zauna a sahun gaba, taronsu na shekara kuma, in ji shi, har buga tebur ake yi. Sai dai ana buga teburin ne a kan takardar lissafi da aka raba wa kowa: ga abin da ya shigo, ga albashin malami, ga kuɗin wuta, ga saura. Dokar Ingila ma ta tilasta wa ƙungiyoyin jin ƙai masu rajista, majami'a ce ko coci ko masallaci, in kuɗinsu ya kai wani adadi su miƙa lissafi duk shekara, kowa yana iya dubawa a intanet. A namu kwamitin, in ka ce a karanto lissafi sai a ce kana zargin bayin Allah.

Na san abin da yake cin ran yaron da ya yi mini dariya, don ni ma yana cin nawa. Gaza ce. Na ga hotunan yaran da aka zaro daga ƙarƙashin gini, na yi kuka a alƙunutu kamar kowa, kuma ban sauya ra'ayi a kan zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa ba. Tun ina can, kafin yaƙin da ya ɓarke a Oktoban 2023, mun taɓa buɗe maganar da dattijon. Yana da dangi a Isra'ila. Na faɗi tawa ba tare da na tauna ba, shi ma ya faɗi tasa, ba wanda ya gamsar da wani, shayi ya huce a gabanmu. Washegari ya zo ya tambayi ƙafata. Ranar 2 ga Oktoban 2025, ranar babban azuminsu na Yom Kippur, wani ya kai hari majami'ar Heaton Park a Crumpsall, ba nisa da inda muka zauna, mutum biyu cikin masu ibada suka mutu. Da 'yata ta bugo ta faɗa mini, na ce ta shiga ta yi wa dattijon jaje a madadina. Wanda yake ganin wannan kuskure ne ya buɗe Suratul Hajji aya ta 40 ya ga wuraren ibadar da Allah ya lissafa tare da masallatai.

Game da kwaikwayo kuwa, hadisin da ya hana kamanceceniya da wasu mutane na san shi tun yaron nan bai zo duniya ba. Ban ce mu ɗauki Asabar ba, ban ce mu yaga riga ba. Ramin da ya kare Madina a yaƙin Ahzab dabarar Farisawa ce, Salmanu ya kawo ta aka karɓa. Da dukiya ta yawaita zamanin Sayyadina Umar, aka ba shi labarin yadda sarakunan Farisa da Rum suke rubuta sunayen mutane a diwani, bai ce wannan aikin kafirai ne ba, ya sa aka rubuta. Rance mai kyau, waƙafi, dubiya, ciyar da gidan mutuwa, duk namu ne tun fil azal. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ba kuma tausayi suka fi mu ba, wannan na rantse. Daren 15 ga Oktoban 2024 da tankar mai ta kama da wuta a Majiya, nan ƙaramar hukumar Taura, mutum fiye da 150 suka rasu, na ga abin da mutanenmu suka yi. Masu babura sun kwana suna jigila ba su karɓi ko naira ba, samari suka yi layin ba da jini, tsofaffi suka kama diga. Mu ne masu gayya, mu ne masu adashi, mu ne masu kai wa maƙwabci tuwo ba a roƙa ba. Amma tausayinmu irin ruwan bazara ne, ya sauko da ƙarfi ya wuce. A makon farko gidan mutuwa ba ya rasa kwano. Bayan arba'in fa, ranar wace ce ta leƙa matar mamaci? Kowa yana zaton wani ya je. A da mai unguwa da dattawan zaure suna riƙe da wannan a ka, don gari ƙarami ne kuma kowa yana gida. Yanzu rabin magidanta suna Kano da Legas da Abuja ci-rani, kan da yake riƙe lissafin ya tsufa.

Kwana biyu bayan zaman kwamitin nan, liman ya zo gidana bayan lisha, shi kaɗai, ba ko ɗan rakiya. Ya ce, "Malam, maganarka tana kan hanya, amma da ka bar sunan mutanen nan a waje. Ka ce baitulmali." Na ce, "Allah gafarta Malam, a sa masa duk sunan da aka ga dama, ni dai in an tambaye ni inda na gani ba zan yi ƙarya ba." Ya yi murmushi, ya ajiye mini kuɗin bandir ɗin alawayyo guda, ya ce kada in faɗa wa kowa, ga shi kuma na faɗa wa duniya, ya yafe ni.

Don haka mun fara a zaurena, ba mu jira kwamiti ba. Akwai keken guragu ɗaya na hannu da 'yata ta aiko da kuɗinsa aka sayo a Kano, kujerun roba ashirin, diga biyu, shebur uku, alawayyon liman, da buhu uku na gero daga gonata. An gyara ƙafar makara. Na sayi littafi mai bango mai tauri na ja masa layi kamar rajistar aji. A nan kuma na ci karo da abin da ban gani a Ingila ba. Mutum na farko da ya zo rancen gero, da ya ga na buɗe littafi sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Ni za ka rubuta kamar wanda aka kai gaban alƙali?" Na karanta masa ayar bashi ta Baƙara, aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, inda aka ce in kun ƙulla bashi ku rubuta shi. Ya ce ya ji, amma shi dai ya fasa. Shebur guda kuma da na bayar ban rubuta ba, don kunyar mai aron, yau kwana goma sha biyu ban gan shi ba.

Shi ya sa nake da tambaya biyu ga masu karatu, musamman malamai da waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan a garuruwansu. Ta farko, ya halatta a zuba zakkar hatsi a rumbun da za a riƙa rantawa, ko kuwa sai dai sadaka da waƙafi, tunda zakka mallakawa ake yi? Ta biyu, wace dabara ake yi a rubuta sunan magidanci ba tare da ya ji an tsiraita shi ba? Na yi tunanin ba kowa lamba maimakon suna, sunayen kuma su zauna a wajen liman shi kaɗai, amma ban sani ba ko liman zai yarda ya ɗauki wannan kaya.

Kwamiti zai sake zama Juma'ar farko ta watan gobe bayan la'asar. In wasiƙar nan ta fito kafin ranar, Malam Edita, zan tafi da jaridar in ba yaron nan ya karanta wa zaure da ƙarfi, don karatunsa ba laifi, ni na koya masa.

Wassalam.

Naku,
Tsohon hedimasta,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.